Fartanya da Ƙwarya a Gefen Shafi

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Mai Cetonmu. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, ya raba ki da direba mai gaggawa da abokin zama marar kirki. Ya sa ɗakin da za a ba ki ya zama na salama, ruwan garin kuma ya karɓe ki. An ce sanyin can ba irin namu ba ne, don haka bargon babanki da na cusa miki a jaka ba don ado ba ne, ki riƙa rufa da shi.

Kin ga na rubuta sunanki a sama ɓaro-ɓaro. Tun da na haife ki bakina bai taɓa kama shi a gaban mutane ba. Ke ce ta fari, kin kuwa san al'adarmu. "Yarinyar nan" nake cewa, in kuma an yabe ki a gabana sai in kau da kai kamar ana maganar 'yar wani gari. Ranar da sakamakonki ya fito, matan zumunta suka cika tsakar gida da guɗa, ni kuwa na shige madafa ina ta hura wutar da ta riga ta kama. To, fensir ba ya jin kunyar 'yar fari, don haka bari in faɗa a nan: ina alfahari da ke, Rahila. A ƙauyen nan ba a taɓa samun 'ya mace da ta tafi jami'a koyon haɗa magunguna ba sai ke, 'yar Laraba mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Zakirai. Tun ranar kaina ya kumbura, ɗankwali na nema ya yi mini kaɗan.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Gyaɗa ana nan ana cira, awaki suna nan da halinsu. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni ina wannan tafiyar tsutsa tawa.

Idan kin ɗaga ƙullin garin kunu, kin riga kin ga abin da ke ƙarƙashinsa. Littafinki Mai Tsarki ne. Kin bar shi a kan taga lokacin da kike haɗa kaya, kuma ba mantuwa kika yi ba, don ke ba kya mantuwa, har allurar ɗinki sai da kika ɗauka. Ni na saka shi. Tun rasuwar babanki da bazara ban ƙara ganin kin buɗe shi ba. Kina ɗaukarsa zuwa sujada ranar Lahadi, ki ɗora a cinya, a buɗe, a karanta, a rufe, naki yana nan yadda kika zo da shi. Zaren da ke tsakiyarsa bai gusa daga inda yake ba. A gida ina ganinki, ƙararrawar majami'a kuma tana tashinki ko kina so ko ba kya so. A can ba mai ganinki. Tsorona shi ne ki tura shi ƙarƙashin gado, shekara ta zagayo, wata ta bi ta, ki dawo mini da takardar shaida a hannu, Littafin kuwa ya zama baƙo a wurinki. Ba wa'azi zan yi miki ba, akwai masu wannan aikin. Zan gaya miki yadda ni na yi da nawa, da wautar da na tafka a hanya, ko kya tsinci wani abu.

Kin san ban yi makaranta ina yarinya ba. Kina goye a bayana na shiga ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata, wanda Mama Hannatu, matar mai bisharar garinmu, take koyarwa a ƙarƙashin darbejiyar majami'a. Da na iya haɗa baƙi, babanki ya je Kano ya dawo mini da Littafi sabo fil mai baƙin bango. Rahila, tsoronsa na ji. Na naɗe shi a sabon ɗankwali na sa a cikin kwalla, ko ƙuda ban yarda ya sauka a kai ba. In zan taɓa sai na wanke hannu da sabulu, in na buɗe kuma sai in ga kamar zan ɓata shi, in yi maza in rufe.

Kakarki Iya, uwar babanki, a lokacin tana bin addinin gargajiya na iyayenta. Kowace kaka, kafin a zuba gero a rumbu, takan yanka kaza a gindinsa don iskokin da ke tsaron gida. Shekarar da babanki ya hana, ba ta yi faɗa ba. Ta same ni ina tankaɗe, ta ce, "Ke 'yar nan, tunda kun hana ni nawa, ai sai ki sa naku ya yi gadin. Ba kun ce ya fi ƙarfi ba?"

Na ji an taɓo mini addini. Na ce, "Ya fi ƙarfi mana, Iya."

Na karkaɗe hannu, na hau tsani, na ɗora Littafin a kan dammunan gero, na rufe rumbu, na sauko ina taƙama. Sai da aka zo ɗibar hatsi babanki ya leƙa ya fito da shi. Ɓeraye sun ci gero son ransu, sun kuma haɗa da Littafin, sun gwaguye kusurwar sama tun daga farko har kusan tsakiya. Wannan cizon da kika sha tambayata kina ƙarama nake ce miki tsufa ne, to, ba tsufa ba ne, haƙorin ɓera ne. Iya ta karɓa ta jujjuya shi a hannu, ta ce, "Ashe su ma sun karɓi addinin." Babanki ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya nutsu ya ce, "Laraba, karatu na sayo miki, ba laya ba."

Don haka kada ki ce Inna ta sa mini shi a jaka, shi ke nan ina da kariya. Bai tsare gero ba yana rufe, ba kuma zai tsare ki ba don kawai yana ƙasan akwatinki. Na fi son in gan shi ya yi datti, bangon ya saki, da in gan shi fes. Ki ajiye shi inda hannunki ke kaiwa ba sai kin ɗaga kaya ba.

Bayan ɓeraye sun buɗe mini hanya, tsoro ya fita, sai kuma na zarce. Na ga Mama Hannatu tana ja wa wasu ayoyi layi, ni ma na sayi jan biro. Kowace aya na karanta sai in ji ai wannan ta yi daɗi, in ja. Ta gaba ma ta yi, in ja. Har jerin sunayen wane ya haifi wane sai da na ja musu layi, don kada su ga an ware su. Wata rana a aji Mama Hannatu ta karɓa za ta nuna mini wani wuri, sai ta tsaya tana kallon shafin. Ta ce, "Laraba, a kan Littafin kika yanka zakaran Kirsimeti?"

Mata suka kwashe da dariya. Da suka lafa ta ce, "To, a cikin duk wannan ja, wace ce ta yi miki magana?"

Na duba sama, na duba ƙasa, na rasa. Duka ja ne, ba wadda ta fi wata. Damina ta zo ta ƙarasa aikin. Ɗakinmu ya yi yoyo, laima ta kama takardar, jan ya narke ya ratsa har bayan shafi. Akwai wuraren da har yau sai na ɗaga su ga haske nake iya karantawa.

Daga nan na kafa wa kaina doka, kuma ita ce na fi so ki riƙe. Ba na sa alama a zaman da na yi karatu. Da safe, in na sauke kunu, nakan karanta abin da ya sawwaƙa, in rufe, in saɓa fartanya in tafi. Kafin in kai gona yawancin abin da na karanta ya zube a hanya. Amma akwai ayar da takan bi ni. Ina sunkuye ina cire ciyawa tana yi mini yawo a ka, na zauna shan fura a inuwa tana nan, na kamo hanyar gida tana biye. Wannan ita ce tawa ta ranar, ita kaɗai nake sa wa alama in na dawo. Wata rana ba wadda ta biyo ni, sai in bar shafin yadda yake, ba dole. Ke ba ki da gona a can, amma kina da hanyar aji, da layin ɗibar ruwa, da wankin kaya. Ki karanta, ki tafi harkarki, ki ga wadda za ta bi ki. Kuma da fensir, ba biro ba, don biro ba ya barin mutum ya sake shawara. Na feƙe miki guda biyu, suna cikin aljihun jakar na gefe tare da abin gogewa.

A lokacin hannuna bai iya dogon bayani ba. Kafin in gama harhaɗa kalma ɗaya tuwo ya kama a tukunya. Sai na koma zane. Inda aka ce a yi wani abu, nakan zana 'yar fartanya, wato aiki ne, tashi ki yi. Inda Ubangiji ya yi alkawari, in zana ƙwarya bakinta a sama, wato tara, za a zuba. Inda maganar ta soke ni ta tona halina, in zana ƙaya. Kwanan wata kuwa har gobe ba na riƙe shi, don haka nakan rubuta abin da ake ciki a gajarce: farin da ya ƙone masara, ko auren Talatu, ko shekarar sabuwar rijiya. In na buɗe yanzu, zaman da na yi a gidan nan gaba ɗaya yana gefen shafi. Babanki yakan ce Littafina ya koma rumfar maƙera ranar kasuwa, ba abin da babu. Tsokana yake yi, amma na sha kama shi yana leƙawa in zai ja addu'ar gida, yana neman inda ƙwarya take.

Ina ji da wannan tsari nawa, ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya koya mini. Yanzu mata da yawa a zumunta suna zana fartanya, har da 'yan mata masu waya a hannu waɗanda ba su taɓa yin kunya ɗaya a gona ba. In na gani sai in yi kamar ban gani ba, amma raina fari ƙal.

Sai dai ban ce ki kwafa ba, don na ɗanɗana kwafe na ji yadda yake. Karon farko da aka ce in ja nazari a taron mata, sai na raina nawa Littafin. Na je na ari Littafin Mama Hannatu, na zauna na kwashe layukanta da 'yan kalmominta na gefe na zuba a nawa, na tafi ina jin na shirya. Ina tsaye ina ta zuba, sai wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya ta ce, "'Yar nan, me ya sa kika tsaya a wannan kika tsallake ta samanta? Ni ta saman ce ta dame ni." Ban san me ya sa ba. Ba ni na tsaya a wurin ba, Mama Hannatu ce ta tsaya, da nata dalilin, a tata shekarar. Na yi ta kame-kame har aka ceto ni da waƙa. Abin da ya sa ke nan ban ba ki nawa Littafin ba, ko da yake na yi tunanin haka. Da na ba ki, idona za ki riƙa bi, inda na tsaya ki tsaya, inda na wuce ki wuce. Fartanya ta yi mini magana ne don da ita na tashi. Ke ki nemi taki alamar a cikin abin da hannunki ya saba da shi, ko cokalin awo ne ko kwalba, ke kika sani.

Ga kuma wadda in na tuna nake dariya ni kaɗai a madafa. Ƙayar nan da na ce miki, da farko ba a jikina nake soka ta ba. Ina karatu, in na iso inda ake maganar mai saurin fushi, ko mai son barcin safe, sai in ce a raina, wannan ai maigida ne. In an zo kan harshe mai kaifi, in ce Iya ce sak. To, ina so in sa alama, kin kuwa san ba zan rubuta sunan babanki ba ko a takarda, ba a yin haka. Sai na yi dabara. Na riƙa zana hularsa, wannan mai lanƙwasa gefe ɗaya da ba ya rabuwa da ita. Iya kuma na zana mata lofenta na taba. Ni a ganina ba mai ganewa.

Wata Lahadi babanki ya manta nasa Littafin a gida, ya yi mini alama daga ɓangaren maza, aka miƙa masa nawa hannu da hannu. Ina hango shi. Ya buɗe inda aka ce, ya tsaya. Ya juya shafi, ya sake juyawa, sannan ya sunkuya ya dubi hular da ke kan gwiwarsa. Nan na sha jinin jikina. Wa'azin ranar ko kalma ɗaya ban ji ba.

A hanyar gida ya bari sai da muka zo daidai gonar rogo inda ba kowa. Ya ce, "Laraba, ashe kin iya zane."

Na ce, "Uhm."

Ya ce, "Na ga ni da Iya mun cika Littafin nan. Huluna kam na gani har na gaji. Amma na duba ko'ina ban ga ɗankwali ba. Ke ba a yi maganarki a ciki ba ne?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya miƙo mini Littafin, ya wuce gaba yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Makon nan na zauna goge huluna da lofe. Abin haushi, duk ayar da na cire wa hula, in na sake karantawa sai in ga ɗankwali ya fi dacewa da wurin. Fushin nawa ne, harshen ma nawa ne. Barcin safe kaɗai na bar masa, don wannan kam nasa ne, Allah ya ba shi hutawa.

Za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yan mata daga garuruwa daban-daban, masu addininki da waɗanda ba naki ba. Wata za ta sha miki sukari, wata ta sa takalminki ba ta tambaya ba. Ranar za ki buɗe Littafi ki ga kamar da su ake a kowane layi. Ki yi hankali a nan. Gefen shafinki ba wurin ajiye laifin mutane ba ne. Kada kuma ki ɗauki aya ki jefi wata da ita a cikin gardama. Kin ga zaman da muka yi da Hajiya maƙwabciyarmu, ita ta dafa mini ruwan wankan jegonki, ni na yi jinyarta da ta karye, kowa da littafinta, ba mu taɓa jifan juna da abin da muka karanta ba.

Ke kuwa tun kina ƙarama mai tambaya ce. Kin tuna ranar da malamin makarantar Lahadi ya biyo ki har gida? Yana ba ku labarin jirgin da aka cika da dabbobi, kika ɗaga hannu kika ce, to wa yake kwashe kashinsu? Yara suka yi dariya, shi kuwa ya ɗauka raini ne. Ya zo ya kai ƙararki wurin babanki. Babanki ya shafa gemu, ya ce, "Malam, ai tambaya ce mai kyau. Taki ne mai yawa, ni ma da na so in san gonar da aka kai shi." Ni ina bayan zana ina danne dariya da bakin zane. A ranar na san kanki ba irin wanda ake zuba wa magana ya haɗiye ba ne, na kuma gode wa Allah. Wannan kan ne ya kai ki inda kike yau.

Yanzu bari in zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Da ciwon babanki ya yi tsanani muka kai shi asibiti a Kano, ke ce kika zauna a gefen gadonsa. Kika buɗe wurin nan da aka yi alkawari a kan addu'a domin marar lafiya, kina karanta masa safe da yamma. Dattawan ikilisiya suka zo suka yi addu'a yadda aka ce a yi, ba abin da aka rage. Kika kama hannuna a baranda kika ce, "Inna, an rubuta. Zai tashi." Bai tashi ba.

A cikin motar da ta dawo da mu gida da shi, kin yi magana sau ɗaya tak. Kika ce, "Inna, me muka yi ba daidai ba?"

Na ce, "Yi shiru, kada ki yi saɓo."

Kika yi shiru. Har yau shirun nan kike yi, ni kuwa ni na sa ki. A duk wautar da na lissafa miki wannan ce babba, kuma ba ta da abin dariya. Ba don tambayar ta yi muni na rufe miki baki ba. Ita ce a bakina ni ma, na ji tsoron in kika ƙara faɗa zan fashe a gaban mutane.

Ayar nan na san ta tun kafin ki iya karatu. Kina 'yar shekara uku ƙyanda ta kwantar da ke, har mata suka fara sunkuyar da kai in sun fito daga ɗakin. Na kama wannan alkawari na riƙe, kika tashi. Na zana ƙwarya babba a gefensa, na rubuta "ƙyandar yarinya". To, da aka watse daga zaman makoki, gida ya yi tsit, na buɗe wurin na ga ƙwaryar tana kallona. Raina ya ɓaci. Na ɗauki abin gogewa na yi ta dirza, ina dirza ina kuka, har takardar ta yi sirara ta ɓule. Da na ga ɓular sai na ajiye abin gogewar. Ai ƙwaryar nan ba ƙarya ta yi ba, ga ki nan kina shara a tsakar gida, ina jin ƙarar tsintsiyarki. Goge ta ƙarya ce. In kuma sake zana ta kamar ba abin da ya faru, ita ma ƙarya ce. Na rufe Littafin. Ina buɗewa da safe don sabo, amma na daɗe ba ayar da ta bi ni ko bakin ƙofa.

Sai ruwan shuka ya sauka. Kin san yadda muke yi: babanki a gaba da sungumi yana saran rami, ni a baya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Tafiyarmu ɗaya, ramin da ya sara ba ya jira. Bana kawunki Ɗanjuma ne ya zo ya kama mini, shi kuwa hannunsa da sauri. Ina sunkuye ina bi, da na ɗago sai na gan shi can ƙarshen gona, tsakanina da shi ramuka ne a jere, duka a buɗe. Na tsaya da ƙwaryar iri a hannu na yi kukan da ban yi ba a makoki. Da na gama na share fuska na ci gaba, rami bayan rami, ban ƙarasa ba sai da rana ta yi tsaka.

Ranar ba aya ce ta biyo ni gida ba, ramukan nan ne. Na ɗauki fensir, na buɗe inda na ɓula, na zana ɗan da'ira a gefe, ban haɗe bakinsa ba. Rami ne da ba a rufe ba tukuna. Abin da nake nufi da shi shi ne: na ji abin da ka ce, Ubangiji, ban gane ba, raina kuma bai kwanta ba, amma ban tafi ba. Daga ranar karatu ya dawo mini. In na iso wurin da ya fi ƙarfina, ba na tsallakewa, ba na kuma yin kamar na yarda. In zana rami in wuce gaba. Wasu daga baya na haɗe bakinsu. Mama Hannatu, da tsufanta da 'ya'ya biyu a ƙasa, ta gani a taro ta tambaye ni. Da na faɗa mata ba ta yi dariya ba. Ta turo mini nata ta ce, "Zana mini ɗaya a nan, hannuna rawa yake."

Rahila, tambayarki ba saɓo ba ce. Ki yafe mini. Ba ni da amsarta, da ina da ita da ban ɓata wannan takarda mai yawa ba. Abin da nake roƙonki ɗan kaɗan ne. Ki buɗe wurin. Ban ce ki yi godiya ba, ban ce ki ji daɗi ba. In fushi ne ki zana fushin, in tambaya ce ki rubuta ta yadda ta fito miki a mota, ba gyara. Wanda ya yi alkawarin ya fi ni ƙarfin ji. Sannan ki juya shafi ki karanta na gaba, ko layi biyu ne, ki tafi aji.

Nawa ramin na wurin har yanzu a buɗe yake. In ke kika riga ni samun abin rufe shi, ki kira ni, ko ina tsakiyar gona zan ɗauka. In ni na riga ki, zan kira ki ko kina aji, sai dai malaminku ya yi haƙuri. In kuma Kirsimeti ta zo ba wadda ta samu, ki taho da naki a buɗe, mu shimfiɗa tabarma mu ajiye su gefe da gefe. Ba zan ƙara ce miki yi shiru ba.

Ki ci abinci, kada karatu ya hana ki. Ki gaida duk wadda ta riƙe ki da alheri, ki ce uwarki na gode mata. Ubangiji ya tsare ki a aji da kan titi, ya raba ki da ciwo da mugun ido, ya buɗe miki kai, ya dawo mini da ke da ƙafafunki. Ya kuma yi haƙuri da mu biyu har ranar da za mu gane.

Ni ce mahaifiyarki mai alfahari da ke,
Laraba